Kabeji ko cuku? Rigimata da yayar mijina a kan abincin Hajiya

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Jidda da maigidana da yaranmu uku, mahaifiyarsa kuma tana tare da mu. Shekarunta 72, tana da ciwon suga da hawan jini, tana kuma shan maganin tsinka jini, warfarin, saboda bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai. Bara ta zame a banɗaki ta karye a wuyan hannu, likita ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni. Wata huɗu da suka wuce, yayar maigidana da ke aure a Makka ta zo da wani tsari da ta gani a waya: miyar kabeji safe da dare, ba nama, ba ƙwai, ba madara, wai zai wanke suga. Tun daga nan Hajiya ta sauko daga kilo 68 zuwa 60. Awarwaronta har zamewa yake yi, kuma idan ta yi sujada sai na kama ta take tashi. Wata maƙwabciyata ta ce in gwada cukun rikota tunda laushi gare shi, Hajiya kuma haƙoranta sun yi saura kaɗan. Sai na riƙa ba ta ba tare da na gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis Yaya ta buɗe firji ta gan shi, ta zuba a shara a gaban yarana, ta ce kitse nake ɗura wa uwarsu don in huta da jinya. Maigida ya ce mu mata ne, mu sasanta kanmu. Yau kwana goma ba ma gaisawa. Don Allah wanne ya fi amfani tsakanin kabejin da cukun? Ko ni ce na yi kuskure?

Wata baiwar Allah, Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Maganar da aka yaɓa miki a gaban 'ya'yanki tana da ciwo, ba zan ce miki ki shanye kamar ba a yi ba. Matar da ke kama surukarta ta tashe ta daga sujada sau biyar a yini ba ita ce za a ce tana neman hutu da jinya ba. Zan dawo kan wannan. Amma akwai abin da ya fi saɓaninki da Yaya gaggawa, kuma da shi nake so mu fara, domin da na karanta wasiƙarki hankalina a kansa ya tsaya.

Hajiya tana bukatar ganin likitanta a cikin wannan makon, ba sai ranar da aka rubuta mata ta koma ba. Tsohuwa ta zubar da kilo 8 cikin wata huɗu, wannan ba ramar da za a zuba wa ido ba ce. Mai yiwuwa ƙarancin abinci ne kawai, mai yiwuwa kuma akwai wani abu a ƙasa da sai an auna za a gani. Sannan ga maganin warfarin. Aikinsa a jiki shi ne ya rage ƙarfin bitamin K, wanda da shi jini ke daskarewa, kabeji kuwa yana cikin ganyayen da ke ɗauke da wannan bitamin da yawa: giram 100 na ɗanyensa yana da wajen maikirogiram 76. Wanda ke shan warfarin ya koma cin kabeji safe da dare, ƙarfin maganin zai iya raguwa, jini ya yi gudaji, abin da ake gudu ke nan tun farko. Idan kuma aka wayi gari aka ɗauke kabejin gaba ɗaya, musamman in an riga an ƙara mata yawan maganin a tsakanin nan, sai jinin ya tsinke fiye da kima. Saboda haka kada ki yi fushi ki ce daga yau babu kabeji a gidan nan. A fara yi mata gwajin jinin da ake kira INR, a gaya wa likita dalla-dalla abin da take ci tun wata huɗu, shi zai faɗi yadda za a rage a hankali. Idan kuɗi ko sha'anin takardu ne ke sa ana jan ƙafa da zuwa babban asibiti, a tambaya a mustausaf, wato ƙaramin asibiti na unguwa, ko ɗakin gwaji mai zaman kansa, gwajin ba mai wahala ba ne.

Ki kula da sugan ma. In tana shan ƙwayar da ke saukar da suga ko ana yi mata allurar insulin, alhali cikinta ruwan ganye ne kawai, sugan zai iya faɗuwa ƙasa sosai. Alamarsa gumi mai sanyi, rawar jiki, jiri, ko ta riƙa magana a rikice. In kin ga haka, ki auna, ki ba ta abu mai zaƙi nan take in tana iya haɗiya. Mai raunin ƙashi da ke shan maganin tsinka jini, faɗuwa ɗaya a banɗaki ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

To, ga tambayarki, wanne ya fi amfani. Gaskiyar magana kowanne da aikinsa, ɗaya ba ya zama a madadin ɗaya. Kabeji kusan duka ruwa ne, sama da kashi 90 cikin 100. A giram 100 kalori 25 ne kacal, furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1 da ɗan ɗoriya, mai kuwa kusan babu. Abin da yake da shi na alheri shi ne harza mai sa bayan gida ya zo da sauƙi, wajen giram 2 da rabi, da bitamin C wajen miligiram 36, da folet, da bitamin K ɗin da na ambata. Yana cika ciki ba ya tayar da suga, shi ya sa mai ƙiba da ke son ragewa yake jin daɗinsa. Rikota kuwa cuku ne na mutanen Italiya, sunan ma a harshensu yana nufin abin da aka sake dafawa, domin daga ruwan da ya rage bayan an yi cuku ake sake tafasawa a kwashe abin da ya taso. A giram 100 na mai cikakken mai za ki sami kalori tsakanin 150 da 175, furotin giram 8 zuwa 11 gwargwadon kamfanin da ya yi, kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi sama da miligiram 200, da bitamin A da B12. Ba shi da harza ko kaɗan, ba shi da bitamin C. Kin ga abin da wannan ya rasa shi wancan yake da shi.

Yanzu ki ɗora waɗannan a kan jikin Hajiya. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar a sami furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a kullum, in dai ƙoda lafiya take. Mai kilo 60 tana neman giram 60 zuwa 70 ke nan. Da kabeji kaɗai za a nemo mata wannan, sai ta ci kusan kilo 5 a yini. Macen da ta wuce shekara 50 ana so ta sami kalsiyam wajen miligiram 1,200, kabeji kuma miligiram 40 ne a giram 100, wato sai ta tashi da kilo 3. Wace tsohuwa ce za ta iya? Idan jiki bai sami abin gina kansa daga abinci ba, naman jikinsa yake komawa ci. Awarwaron da kika ga yana zamewa da gwiwar da ta kasa ɗaga ta daga sujada, naman da ya tafi ne. Na ga irin wannan a kan mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, a shekarunta na ƙarshe. Mu muna murna wai ta yi sauƙin jiki, sai ranar da na zo ɗaura mata zani na ga ya zagaya ta har ya yi rara, hannuna ya ji ƙashin ƙugunta. Ran nan na gane ƙarfinta ne ke tafiya. Saboda haka a kan wannan gaɓa, idonki ya gane gaskiya, kuma ba ki yi kuskure ba da kika nema mata abin da zai riƙe jikinta.

Amma kada ki ɗauka Yaya ba ta da hujja ko guda. Cuku yana da kitse, kuma irin kitsen da likitocin zuciya ke cewa a rage. Rikota mai cikakken mai yana da mai giram 11 zuwa 13 a cikin 100, fiye da rabinsa kuma daskararren kitse ne. Sannan in Yaya ta ji an ce cuku, abin da zai zo mata a rai shi ne wanda muka saba gani a bagala, wato kantin unguwa, na cikin gilashi da ake shafa wa burodi, ko farar jubna da ke jiƙe a ruwan gishiri. Waɗannan kam ba abincin mai hawan jini ba ne. Feta kaɗai, wato irin farin cukun nan, tana da sodiyam, sinadarin gishiri, wajen miligiram 1,000 a giram 100, rikota kuwa wajen 100 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma. Da wuya in Yaya ta san wannan bambancin, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata. Akwai rikota mai ragin mai, wanda furotin ɗinsa da kalsiyam ba su ragu ba, shi ya fi dacewa da Hajiya. Ki riƙa juya robar ki karanta bayanta, a nan ƙasar ana rubuta komai da Larabci: burutin, duhun mushabba'a, sodiyum, wato furotin, daskararren kitse da sinadarin gishiri. Rabin kofi a yini ya isa.

Kuma kada ki maƙale wa sunan rikota, kamar in babu shi babu mafita. Kayan waje ne, yana da tsada, ba kowane kanti ake samu ba. Kofi ɗaya na laban ko zabadi, wato nono ko yogot, marar suga yana ba da furotin wajen giram 8 da kalsiyam kusan miligiram 300. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Ga labna, wato yogot mai kauri, ga ful da adas, dangin wake, da aka dafa suka yi luguf, ga kifi, ga naman kaza da aka niƙa a miya, ga awara in akwai mai yi a unguwarku. Kina ma iya yin irin wannan cukun da hannunki, domin duk wadda ta taɓa ganin ana awara ta riga ta iya. Ki ɗora lita ɗaya ta madarar kanti a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa, da kin ga ta fara kumfa a gefen tukunya tana shirin tafasa sai ki kashe, ki zuba ruwan lemun tsami cokali biyu ko uku. Za ki ga ta tsinke, farin yana taruwa, ruwan yana komawa ɗorawa-ɗorawa. Ki bar ta minti goma, ki juye a ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ya tsane. Ba ainihin rikota ba ne, amma ɗan'uwansa ne, kuma ke kika san abin da ke ciki, babu gishiri sai wanda kika sa. Ki ajiye a firji, a cinye cikin kwana biyu ko uku, domin cuku mai laushi ba ya jure zafin Jidda. Kada kuma a yi da ɗanyar madarar da ake sayarwa a bakin hanya ba tare da an tafasa ta sosai ba, saboda zazzaɓin nan da Larabawa ke kira humma maltiyya. In kin ga cikinta yana kumburi ko gudawa bayan ta ci, ki koma zabadi, ya fi sauƙin narkewa ga wanda madara ke damu.

Shi ma kabejin yana da wurinsa a kwanonta, gwargwadon da likita ya yarda, kuma daidai wa daida kullum, ba yau tuli gobe babu ba. A yanka shi ƙanana a turara na ɗan lokaci ya yi laushi, domin doguwar tafasa tana kashe bitamin C ɗin da ake nema. A kula da dunƙulen ɗanɗano da gishirin da ake zubawa a miyar, kar a gudu daga gishirin cuku a faɗa na tukunya. Sugan kuma ba wani ganye da ke wanke shi. Abin da ke tayar da shi a gidajenmu an san shi: tulin shinkafar kabsa, burodin tamis guda sukutum da safe, shayi mai suga cokali uku, lemun kwalba. Can ya kamata a rage. Ki kuma roƙi likita ya duba ƙodarta kafin a ƙara furotin sosai, ya auna bitamin D. Duk da ranar da ake ƙwallawa a ƙasar nan, ƙarancinsa ya yi yawa a tsakanin mata, saboda yini ake yi a ɗaka cikin sanyin na'ura, kuma in babu shi kalsiyam ba ya shiga ƙashi yadda ya kamata.

Yanzu bari in gaya miki inda nake ganin kin yi kuskure, kuma don ina ƙaunarki zan faɗa. Ɓoyewar. Niyyarki mai kyau ce, amma ki sa kanki a matsayin Yaya: tana Makka, uwarta tana hannun wata, tana zuwa sau ɗaya a mako, sai ta buɗe firji ta tarar ana yin abin da aka ɓoye mata. A ranta ba cuku ta gani ba, ta ga an mayar da ita bare a kan uwar da ta haife ta. 'Yar da aure ya nisanta da mahaifiyarta tana yawo da wani nauyi a zuciya, kullum tana jin ba ta yi abin da ya kamata ba. Tsarin kabejin nan shi ne abu ɗaya da take jin ta kawo da hannunta. Wannan bai wanke kalmar da ta faɗa miki ba, ta yi laifi, kuma yin ta a gaban yara ya ƙara mata muni. Amma tsoro ne ya yi magana da bakinta, tsoron kar ta wayi gari a kira ta a waya a ce ta zo. Ke ma tsoron nan ne ya kai ki kanti. Kuma ɓoyewa a sha'anin marar lafiya yana da hatsari ko da babu rigima, domin likita yana tsara magani ne a kan abin da aka gaya masa ana ci.

Shi kuwa maigida, maganar "ku mata ne ku sasanta" ba ta karɓu ba. Uwarsa ce, yayarsa ce, matarsa ce, duk igiyoyin a hannunsa suke. Na fahimci halin da yake ciki, ƙani ba ya son ɗaga murya a kan yayarsa, kuma yana gudun a ce mace ta juya shi. To kada ki je masa da ƙarar Yaya, zai toshe kunne. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko takardar da kika rubuta nauyin Hajiya na da da na yanzu, ki ce, "Abban yara, ba maganar ni da Yaya na kawo ba. Dubi yadda Hajiya ta koma. An ce kabeji yana taɓa aikin maganin jininta, ina tsoro. Don Allah mu kai ta a auna, kuma ina so Yaya ta zo a yi komai a gabanta." Namijin da ya ga lamba a takarda ya kuma ji ba a nemi ya zaɓi ɓangare ba, da wuya ya ƙi. Daga baya, in ƙura ta lafa, ki gaya masa a natse cewa kalmar da aka faɗa miki ta yi miki ciwo, kuma kina so ya nuna wa yaran cewa uwarsu ba mai cutar da kakarsu ba ce. Wannan haƙƙinki ne, kada ki bar shi ya wuce.

Zuwan Yaya asibitin nan shi ne rabin maganin. Makka da Jidda tafiyar awa ɗaya ce, a sa ranar da za ta iya. Ta shiga ɗakin likita, ta yi tambayoyinta, ta nuna abin da ta gani a waya in tana so. Abin da ba za ta karɓa daga bakin matar ƙaninta ba, za ta karɓa daga bakin likita ba tare da ta ji an kayar da ita ba. In akwai mai ba da shawarar abinci a wurin, a nemi ya rubuta tsarin a takarda, a manna a ƙofar firji, kowa ya bi. Ke kuma, in aka tabbatar da maganarki, kada ki ko kalle ta da idon "ai na faɗa". Ki bar mata wani abu a hannu: ita ce za ta riƙa kawo ganye da kifi ranar Alhamis, ko ita ce mai riƙe littafin awon suga. Kafin ranar, ki riga ta sallama. Saƙo gajere ya isa: "Yaya, ina wuni. Na yi kuskure da ban gaya miki ba, ki yi haƙuri. Wallahi ramar Hajiya ce ta tsorata ni." Ba ki amsa laifin da ba ki yi ba, kin amsa wanda kika yi ne kawai, kuma kwana goma ba gaisuwa ya yi yawa tsakanin Musulmi biyu da ke jinyar uwa ɗaya. In ta ƙi saurara, ko ta ƙi zuwa asibitin, a nemi wani babba da take jin nauyinsa, kawunsu ko wata gwaggo, ko a waya ne daga gida. Amma kai Hajiya gwaji ba zai jira yardar kowa ba, da ita ko ba ita a tafi.

Akwai mutum ɗaya da ban ji muryarta a wasiƙarki ba, ita ce mai kwanon. Kowa yana yanke abin da za ta ci, wa ya tambaye ta? Tsofaffinmu suna da kawaici, za ta iya shan ruwan kabeji wata huɗu ba ta ce uffan ba don kar ta ɓata wa 'yarta, ta kuma karɓi cukunki ta haɗiye don kar ta ɓata miki. Mai yiwuwa duka biyun ba sa mata daɗi. Ki zauna kusa da ita bayan la'asar, kina matsa mata ƙafa, ki ce, "Hajiya, me ranki yake so?" Kada ki yi mamaki in ta ce tuwo da miyar kuka, ko ɗan kunun gyaɗa, ko fura da nono irin ta gida. Yawancinsu ana iya shigar da su cikin tsari: malmala ƙarama, miya mai kifi ko niƙaƙƙen nama, fura kaɗan a cikin zabadi mai yawa ba suga. Tsohon da aka ba abin da bakinsa ya sani ya fi ci, kuma cin shi muke nema yanzu. Ki faɗa wa likita duk ganyen da za a riƙa sa mata, har kuka da zogale, saboda maganin jinin.

Ki samo sikeli ki riƙa auna ta duk ranar Juma'a da safe kafin ta karya, ki rubuta. Ki sa tabarmar roba marar santsi a banɗaki, da kujera a inda take salla, domin ta halatta ta yi a zaune har ƙarfinta ya dawo. In kun dawo daga asibiti ki sake rubuto mini, ki haɗa da sakamakon INR ɗin da abin da aka ce game da ƙodarta, sai mu zauna mu tsara mata abincin mako guda. Ki gaishe mini da Hajiya da jiki.